Matar da Ta Sa Kanada a Taswirar Garinmu

Kowace safiya, kafin a buɗe ofisoshi, Bernadette Zielonka takan turo ƙofar gidan burodina da kafaɗa. Sai ta ɗauki ƙaramin burodi guda, ta latsa shi da yatsa, ta shinshina, sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Misis Furtado, na yau ne?" Shekara talatin da takwas ke nan tana yi mini wannan tambaya. Ban taɓa sayar mata da kwantai ba, ita ma ta sani, amma ba ta fasa ba. Daga nan sai ta cusa burodin a aljihun kwat, ta nufi ofishin tsara gari a ƙasa, kuma ba ta bin hanyar da ta bi jiya. Tana tafe tana karanta allunan tituna kamar mai neman wanda ya yi mata ƙarya. In ta ga an huda sabuwar ƙofa a jikin gini, ko an toshe wani lungu, sai ta ja ta tsaya ta ƙura masa ido har mai gidan ya leƙo ta taga.

Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na roƙi jaridar unguwa ta ba ni fili. Ni ba marubuciya ba ce, gashin burodi na iya. Kuma bari in faɗa tun da wuri don kada wani ya ɗauki maganata ya kai inda ban aike ta ba: ba na'urarsu nake yi wa jinjina ba, ba kuma ofishinsu ba. Waɗannan har gobe ban yarda da su ba. Matar nake yi wa.

Yaran yanzu ba su san yadda garinmu Harlow Falls yake a 1969 ba. Shekara biyu kafin nan wasu maza masu taye suka shiga unguwar da ke tsallaken kogi ɗauke da taswira, suna murmushi suna gaishe da tsofaffi. Ba a jima ba katafila ta biyo sawunsu. Gidaje, shaguna, har da cocinsu, duk aka share aka shimfiɗa babbar hanya a kai. Mu kuwa mutanen unguwar Masaƙa daga tsibiran Azores muka fito, inda duk wanda ya rubuta sunanka ɗanka yake nema ya kai shi soja. Ba sai an koya mana gudun mai takarda ba.

A bayan gidan burodina akwai wani siririn lungu mai gidaje shida. Masaƙa ce ta gina su don ma'aikatan rini, ta karye, aka manta da su, kuma lungun bai taɓa shiga taswirar gari ba. A harshenmu na tsibiri, lungu irin wannan kanada ake ce masa, daidai da sunan ƙasar nan ta arewa da mu inda kowa yake da ɗan'uwa. Da muka ga abin da ya faru a tsallake, mazan unguwa suka haɗu suka kafa ƙyauren katako a bakin lungun, suka shafa masa fenti ya koma kamar ƙofar gareji, suka ja kurangar inabi ta rufe samansa. Makullin yana hannun Gwaggo Ermelinda Raposo, mai gidan ƙarshe. Mijinta da hannunsa ya ɗora wa gidan bene ba tare da takardar izini ba, ya rasu kafin fentin benen ya bushe. Wannan gida shi ne duk abin da ta mallaka a duniya, kuma ta riga ta gaya wa kowa cewa daga cikinsa za a fitar da gawarta.

Ana cikin haka sai ga wata siririyar yarinya mai takalmi marar tsini, da naɗin taswira a hammata, tana tsayawa a kowace kwana tana rubuta lamba. Bernadette ke nan. Kafin ta iso ƙofata labarinta ya riga ta. Abílio mai kifi ya baro shagonsa ya zo ya jingina da kantata, wai shi ma burodi ya zo saye.

Na tambaye ta kai tsaye abin da ya kawo ta. Ba ta yi mini dogon Turanci ba. Ta ɗauki ƙananan burodi huɗu ta jera su a kusurwa huɗu, ta ce kowanne mahaɗar titi ce, kuma kowace mahaɗa an ba ta lamba. Guntun titin da ke tsakanin mahaɗa biyu kuma yana da katinsa guda, wanda ake hudawa da inji. Hujin katin yana cewa sunan titin kaza, ya tashi daga mahaɗa kaza zuwa kaza, ga lambar rukunin gidajen da ke hagu, ga ta wanda ke dama. Ta ce na'urar da ke karanta katunan ba ta ganin taswira. Lalube take yi, ta dafa bangon rukuni da hannun dama, ta bi kati bayan kati. In ta dawo inda ta fara, rukunin ya rufe. In ba ta dawo ba, akwai kuskure, sai ta tofar da katin.

Abílio ya ce, "Wato makaho kika zo ki nuna wa hanyar gidajenmu."

Ta ce, "Kusan haka ne."

"To shi makahon, wa ke riƙe da sandarsa?"

Ta ce, "Ba ni ba ce."

Na ji daɗin amsar, amma ban nuna ba. Ta sayi burodi guda, ta tambaye ni ko na yau ne, ta fita. Ta wuce ta gaban ƙyauren nan ba ta ko waiwaya ba, muka sauke ajiyar zuciya.

Daga baya muka ji cewa an zuba katunan unguwarmu a na'ura, kuma rukuninmu ya rufe tsaf. Ashe lungun da ba ya ɓullewa ko'ina ba ya hana makahon kewayawa. Na'urar tana kama katin da ya saɓa wa ɗan'uwansa, amma ba ta da labarin katin da ba a huda ba. A ofis an buga wa unguwarmu hatimi an wuce gaba. Mijina Serafim ya ce mun sha, har ya buɗe kwalbar giyar inabi daga cikin wadda suke matsawa a ƙarƙashin gida.

Sai ga ta ta dawo. Wannan ne abin da nake so masu karatu su riƙe: babu wanda ya aiko ta. Aikinta a unguwarmu ya ƙare, ita ce dai hankalinta bai kwanta ba.

Wata safiya ta tarar da Gwaggo Ermelinda a kantata, cikin baƙaƙen kayanta na takaba da ba ta taɓa cirewa ba, tana sayen burodin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da tsohuwar ta fita, Bernadette ta ce, "Waccan baiwar Allah, wane gida take?"

Abílio ya gyara tsayuwa, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Ai a Kanada take."

Ba ƙarya ya yi ba. Na juya ina goge tanda don kada dariya ta tona mu. Ta ce, "Ziyara ta zo ke nan." Muka ce ƙwarai kuwa.

Washegari ta sake zuwa, aka yi rashin sa'a Gwaggo ta shigo da silifa a ƙafa, riƙe da tukunyar miyar ganye da ta kawo wa Serafim saboda mura, tururi na tashi. Bernadette ta dubi silifar, ta dubi tukunyar, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Misis Furtado, wannan Kanada taku miya ba ta hucewa a hanya."

Na ce a raina yau kam tamu ta ƙare, gobe sai katafila. Amma ba ta tona mu ba. Ta biya burodinta ta fita, ta tsaya gaban ƙyauren nan tana kallon yadda ƙasar bakinsa ta sha takawa har ta yi sulɓi. Ba ta taɓa shi ba.

Bayan 'yan kwanaki ta zo da wata doguwar takarda mai huji a gefe, ta shimfiɗa a kan kantata. Taswirar garinmu ce, amma ba zane ba ne. Injin buga rubutu ne ya yi ta da haruffa. Inda mutane suka yi yawa ya maimaita harafi a kan harafi har wurin ya yi baƙi ƙirin. Inda babu kowa sai 'yan ɗigo jefi-jefi. Ta ɗora yatsa a kan wani farin fili.

"Nan ne rukuninku. Tsohon sito, filin kwal, da gidan burodi. A wajen na'ura babu kowa a nan sai ke da mijinki." Ta ce ana shirin fitar da reshe na biyu na babbar hanya zuwa gada, kuma masu zaɓen inda zai bi irin wannan takarda za a ajiye musu. "In ke ce, ta baƙin za ki ratsa ko ta farin?"

Mun ɓoye lungun don kada katafila ta gan shi, ashe shimfiɗa mata tabarma muka yi. Abílio kuwa ya dube ni ya ce dabara ce. "Haka ake kama kifi, Ilda. A nuna masa tsutsa." Ni kaina ban san wanda zan gaskata ba. Na aika aka kira Gwaggo, don gidanta ne a kan gaba, makulli kuma nata ne. Turancinta bai wuce na cefane ba, saboda haka ni na yi musu tafinta.

Gwaggo ta zauna a kan buhun fulawa, ta ƙi kallon takardar. Ta ce, "Tambayi 'yar gwamnatin nan. In na buɗe, za ta rantse mai duba gine-gine ba zai zo kan benena ba?"

Bernadette ta ce, "Ba zan rantse ba. Katin da na huda, duk wanda ya shiga ɗakin na'ura zai iya karanta shi. Zai iya zuwa."

"In na buɗe, hanya za ta kauce?"

"Ban sani ba, Misis Raposo. Abin da na sani, in ba ki buɗe ba, ba su da dalilin kaucewa."

Gwaggo ta tsuke baki. "Ita ta yarda da su?"

"A'a."

Abílio ya sa baki. "To tunda kin gano, me ya hana ki rubuta abinki ki ƙyale mu? Ko ki tura ƙyauren, ai ba ƙarfe ba ne."

Ta ce lungun ba na gari ba ne, ba ta da hurumin shiga sai an buɗe mata. Kuma ba ta huda katin titin da ba ta taka da ƙafarta ba. Ta ce ƙarshen wata za a kwashe katunan a tura, bayan nan ba ta da iko a kansu.

Sai a lokacin Gwaggo ta ɗaga ido ta dube ta sosai. "'Yar wane ce ita? Ina gidansu?"

Na fassara. Bernadette ta naɗe takardarta tukuna, sannan ta ce, "Gidanmu yana ƙarƙashin babbar hanya, a tsallake. Mu ma da suka zo ƙirga mu, babana ya ce kada kowa ya buɗe ƙofa."

Idona ya ciko. Gwaggo kuwa ko gezau. Da yarinyar ta tafi sai ta ce, "Abílio, ka haye gada ka je wurin mahaucin 'yan Poland da ya koma bayan tashar jirgi. Ka tambaye shi ko an taɓa yin gidan Zielonka. Kowa ya iya tsara labarin tausayi." Abílio ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce an yi, gida mai koren baranda, uban yana gyaran takalma, kuma tun da aka rushe bai sake ɗaukar guduma ba.

Duk da haka Gwaggo ta bar ta tana zuwa tana komawa har watan ya kusa ƙarewa. Kullum Bernadette ta sayi burodi, ta tsaya gaban ƙyauren kaɗan, ta wuce. Ba ta roƙa ba, ba ta tsoratar da kowa ba. Ran da za a buɗe, da hantsi ne, Gwaggo ta fito da makullin a ɗaure da igiyar carbinta, ta buɗe da kanta, ta ce, "Gaya mata ta shiga da ƙafar dama, kuma kada ta taka mini kabeji."

Na bi su a baya. Bernadette ta ba bakin lungun lamba, ta ba ƙarshensa lamba, ta taka daga wannan zuwa wancan tana duba kowace ƙofa. Mata suka tsaya a tagogi ba mai gaishe ta. A ƙofar gidan ƙarshe Gwaggo ta ce, "To ni a hagu nake ko a dama?" Bernadette ta ce lungun da bai ɓulle ba, rukuni ɗaya ne a hagunsa da damansa, lamba ɗaya za ta sa a duka biyun. Gwaggo ta ce, "Ashe makahon nan yana da ɗan hankali. Mu nan duk ɗaya ne."

Saura suna. Abílio ya ce a sa sunan wani waliyyi don a ji kunyar rushewa. Gwaggo ta ce lungun yana da sunansa tun kafin a haifi yarinyar nan. Bernadette ta rubuta Kanada. Na ji an dawo mata da katin daga ɗakin huji, wai kuskure ne, ƙasa ba ta shiga gurbin titi. Ta mayar musu da shi yadda yake.

Da aka sake buga taswirar, farin filin nan ya yi duhu. Reshen hanya kuma ya bi ta filin jirgin ƙasa, ya bar mu. Ko katin ne ya kautar da shi? Wallahi ban sani ba. Abílio ya ce kuɗinsu ne ya gaza. Wani ɗan majalisa ya zo ƙofar coci ya ce shi ya yi, muka tafa masa muka koma gida. Ita Bernadette da na tambaye ta, cewa ta yi ba ta cikin ɗakin da aka yanke shawara, don haka ba za ta ce abin da ba ta gani ba.

Mai duba gine-gine kuwa ya zo, da bazarar da ta biyo. Ya sa aka cire barandar da mijin Gwaggo ya sassaƙa, aka maƙala wa benen wata mummunar matakalar ƙarfe, aka kuma cire ƙyauren. Gwaggo ta yi kuka ranar, ta ce, "Ban gaya muku ba?" Tun daga nan ba ta taɓa kiran Bernadette da sunanta ba, sai 'yar gwamnati. Amma duk kaka sai ta kawo mini kwandon inabi ta ce in ba ta, kuma in na faɗi wanda ya aiko ba ta yafe mini ba.

Katunan sun shuɗe, aka koma faifai, aka koma allon gilashi. Bernadette ta koyi kowanne, kuma ba ta yarda da ko ɗaya ba. Malaman makarantar Titin Mulberry za su gaya muku yadda ta gano an juya hagu da dama a guntun titi guda, abin da ya sa aka tura yaran gefe ɗaya makarantar tsallaken gada cikin ƙanƙara. Da ƙafa ta gano shi. Ran da Abílio ya yanke jiki ya faɗi a tsakar Kanada yana yanka inabi, direban motar asibiti baƙo ne a garin, amma ya shigo lungun kai tsaye saboda sunan yana cikin na'urarsu. Da Abílio ya farfaɗo aka gaya masa, sai ya ce, "Wato har yanzu suna sane da inda nake." Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana wannan ƙorafi.

Ke ce, Bernadette, wadda na'ura ta ce rukuni ya rufe kika ce bari dai in gani. Ke ce kika ga ƙyaure kika san abin da ke bayansa, kika tsaya a waje har aka buɗe miki. Kina iya yi wa tsohuwa alkawarin da zai sa ta buɗe a ranar farko, kika ƙi, kika gaya mata abin da zai iya cin barandarta. Mai taka titi kafin ta huda kati, na gode. Gidan ƙarshe yana nan, jikar Gwaggo ce a ciki da 'ya'yanta uku, kabejin ma yana nan.

Ku kuma yaran da za ku gaji kujerarta, na ga motocin yanzu suna magana, suna ce wa direba ya juya hagu. Kowa ya saki baki yana bi. Ina roƙonku, in allon ya ce muku babu kowa a wuri, ku sa takalmi ku je. Ku tambayi inda miya ta fito. In mutane sun ƙi buɗe muku, kada ku ce jahilai ne, wataƙila sun ga abin da ba ku gani ba.

Gwaggo Ermelinda ta rasu a 1991, kuma daga cikin gidanta aka fitar da ita kamar yadda ta ce. Ana saura kwana kaɗan ta kira ni bakin gadonta, ta zaro makullin ƙyauren nan daga ƙarƙashin matashi. Ƙyauren an daɗe da yin wuta da shi, amma makullin bai bar jikinta ba. Ta ce, "Ki ba 'yar gwamnati. Amma ba yanzu ba. Sai ran da ta bar ofishin nan. Muddin tana cin albashinsu ban gama yarda da ita ba." Ta kama hannuna ta ƙara da cewa, "Ranar ki gaya mata na ce Bernadette. Ki faɗa da kyau, na daɗe ina koyon faɗinsa."

Shekara goma sha shida makullin yana cikin gwangwanin kirfa a saman tandata. Na san halinki, za ki karanta wannan ki ce sai kin gani da idonki. To ki zo ranar Juma'a da safe, in miƙo miki makullin, ki tambaye ni ko na yau ne. A karon farko zan ce miki a'a.